Tambaya da Amsa: VRR a Na'urorin Gem da Talabijin na Zamani

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi PS5 da talabijin mai inci 55, a jikin kwalinsa an rubuta HDMI 2.1. Na kunna VRR a saitin na'urar, amma in na duba bayanin hoto sai ta nuna talabijin ɗin ba ya karɓa. Mene ne ma amfanin VRR ɗin, kuma ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. VRR, wato Variable Refresh Rate, dabara ce da ke sa talabijin ya riƙa sauya saurin sabunta hotonsa daidai da na'urar gem. Bari mu fara da aikinsa, domin sai ka san abin da kake nema kafin ka gane inda ya ɓace.

Talabijin na yau da kullum yana sabunta hoton fuskarsa sau 60 a kowane sakan, wato 60Hz, kowace sabuntawa bayan milisakan 16.7 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), ba ya ragi ba ya ƙari. Ita kuwa na'urar gem ba ta da wannan tabbaci. Wajen da babu hayaniya a cikin wasan takan gama zana hoto da wuri, wajen da aka cika hayaƙi da fashe-fashe da mutane sai ta ɗauki milisakan 19 ko 20. Idan lokacin sabuntawa ya yi sabon hoto bai iso ba, ɗayan biyu ne. Ko dai talabijin ya sake nuna tsohon hoton, ya zauna milisakan 33.3 a idonka, shi ne maƙalewar nan da ake ji in ana juya kyamara. Ko kuma na'urar ta cusa sabon hoto ana tsakiyar zana tsohon, sai ka ga fuskar ta yage gida biyu, sama daban ƙasa daban.

VRR yana juya lamarin ne: talabijin ya daina bin agogonsa, ya jira na'ura. Kamar jirgin ƙasa da motar tasha ne, jirgi yana tashi a kan lokacinsa ko fasinja ya iso ko bai iso ba, mota kuwa tana jiran mutum ya shigo. Idan wasan yana ba da hotuna 53 a sakan, fuskar ma sai ta sabunta sau 53. Babu yagewa, maƙalewa ta ragu sosai, kuma tazarar da ke tsakanin danna madanni da ganin motsi tana ɗan raguwa. Amma ko hoto ɗaya ba ya ƙara wa wasan. Abin da na'ura ta iya samarwa shi yake jerawa daidai.

Yanzu ga matsalarka. Rubutun HDMI 2.1 a kwali ba hujja ba ce. Ƙa'idar ta fito a Nuwamban 2017, kuma VRR yana cikinta, sai dai ba dole ba ne ga mai ƙera talabijin ya saka shi. A ƙarshen 2021 aka fahimci cewa an shigar da tsohuwar HDMI 2.0 a ƙarƙashin sunan 2.1, saboda haka kamfani yana iya buga wannan lamba a kan kafa, wato ramin da ake soka wayar HDMI, mai tsohon ƙarfi ba tare da ya karya doka ba. Ka nemi lambar samfurin a bayan talabijin ɗin, ka duba takardar bayaninsa, ka ga ko an ambaci kalmar VRR ƙarara.

Idan an ambata, to ka duba kafar da ka soka waya. Talabijin da yawa suna da kafofi huɗu amma biyu kaɗai ke da cikakken ƙarfi. A yawancin na Sony kafa ta 3 da ta 4 ne, kuma galibi akwai rubutun 4K 120Hz a gefensu. Bayan haka sai ka buɗe kafar a saiti, domin da yawa suna fitowa daga masana'anta a rufe. A Sony ana shiga "HDMI signal format" a zaɓi "Enhanced format" mai VRR. A Samsung sunansa "Input Signal Plus", a LG "HDMI Ultra HD Deep Colour", a Hisense kuma a mayar da "HDMI Format" zuwa "Enhanced". Sannan ka kunna "Game Mode", don a talabijin da dama VRR ba ya tashi sai a cikinsa. Idan duk da haka shiru, ka haɗa talabijin da intanet ka sabunta manhajarsa. Wasu na Sony da aka ƙera a 2020 da 2021 ta hanyar sabuntawa suka sami VRR daga baya. Ita kanta PS5 ta fito a Nuwamban 2020 babu shi, sai a Afrilun 2022 Sony ta ƙara mata, don haka ita ma a sabunta ta.

Akwai abu na ƙarshe da ke kama mutane da yawa. VRR iri-iri ne: akwai na ƙa'idar HDMI, akwai FreeSync na kamfanin AMD, akwai G-Sync na Nvidia. PS5 na HDMI kaɗai take ji. Idan FreeSync ne kawai a talabijin ɗinka, duk saitin da za ka taɓa ba zai kunnu ba.

Tambaya: Malam, ni da abokina talabijin ɗinmu iri ɗaya ne. Shi yana da Xbox Series X, ni PS5. Wasa ɗaya muke bugawa, VRR a kunne, amma nawa yana maƙalewa a wuraren da nasa yake tafiya sumul. Ko na'urata ce ta samu matsala? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, da wuya a ce na'urarki ce ta lalace. Bambancin yana cikin yadda kamfanonin biyu suka tsara abin.

Kowane VRR yana da iyaka ta ƙasa da ta sama. Fuskar talabijin ba za ta iya jira har abada ba, dole a sake sabunta ta cikin wani ƙayyadadden lokaci. A PS5 iyakar daga 48Hz ce zuwa 120Hz. Muddin wasan yana tsakanin hotuna 48 da 60 a sakan, lafiya lau. Da ya sauka zuwa 46 ko 44, ya fita daga da'irar, maƙalewa ta dawo kamar ba a kunna komai ba.

Maganin wannan shi ne wata dabara da ake kira LFC. Idan wasa ya faɗo zuwa hotuna 35, sai a nuna kowane hoto sau biyu, fuskar ta yi aiki a 70Hz, a koma cikin iyaka. Dabarar tana buƙatar iyakar sama ta kai aƙalla ninki biyu na ta ƙasa, shi ya sa ba ta yiwuwa a talabijin mai 48 zuwa 60, sai mai 120Hz. Xbox tana yin wannan da kanta ga wasanni idan aka saita fitar hotonta a 120Hz. PS5 kuwa ta bar wa masu ƙera wasa, wanda ya ga dama ya saka. Kamfanin Insomniac ya saka a wasanninsa na Spider-Man da Ratchet & Clank, wasu da yawa ba su saka ba. Microsoft mai Xbox dama ta riga Sony mai PS5 shiga harkar, tun 2018 Xbox One X da One S suka sami FreeSync. A wannan fage mu a ganinmu Xbox ce a gaba, kuma babu dalilin ɓoyewa.

Abin da za ki iya yi: a saitin PS5 ki shiga "Screen and Video", sai "Video Output", ki kunna "Apply to Unsupported Games" a ƙarƙashin VRR, domin wasannin da ba a tsara su da shi ba su ma su amfana. Sannan a cikin wasan ki zaɓi yanayin da ya fifita gudu a kan kyan hoto, don adadin hotuna ya zauna sama da 48. Idan wani wasa ya fara nuna abin da ba a saba gani ba bayan kin kunna wancan zaɓi, ki kashe shi saboda wannan wasan.

Wasu wasannin suna da yanayin hotuna 40 a sakan. Wannan ba VRR yake buƙata ba, fuska mai 120Hz yake buƙata, saboda 40 yana shiga 120 sau uku cif. Kowane hoto yana ɗaukar milisakan 25, daidai tsakiyar 33.3 da 16.7, kuma a hannu ya fi 30 daɗi nesa ba kusa ba. In wasanki yana da shi, ki gwada.

Tambaya: Ina da shagon gem, yawanci ƙwallo ake bugawa. Ya kamata in canja talabijin ɗina zuwa masu VRR? Kuma an ce wutar Najeriya 50Hz ce, ba za ta hana 120Hz aiki ba? Daga Kano.

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka. Wasannin ƙwallo irin su EA Sports FC suna zama a kan hotuna 60 lokacin da ake taka leda, kuma inda adadi ba ya hawa ba ya sauka VRR ba shi da abin gyarawa. Abin da zai faranta wa kwastomominka shi ne ka kunna "Game Mode" a kowane talabijin, ka kashe duk saitin laushin motsi. In kuma PS4 ce a shagon, ba ta da VRR sam.

Batun wuta kuwa, babu alaƙa. Talabijin yana mayar da wutar da ta shigo zuwa wadda ba ta kaɗawa kafin ya yi amfani da ita, kuma fuskar tana bin nata agogon na ciki. Hawa da saukar ƙarfin wuta, musamman a janareta, shi ne abin tsoro, sitabilaiza ce maganinsa.

Tambaya: Tun da na kunna VRR a talabijin ɗina na OLED, wuraren duhu suna ƙyafƙyaftawa, wani lokaci ma hoton yakan ɗauke baki ɗaya na sakan biyu ya dawo. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Matsaloli biyu ka haɗa, ɗan'uwa, kuma tushensu daban.

Ƙyafƙyaftawar daga fuskar take. An daidaita hasken launukan duhu a fuska nau'in OLED bisa tsammanin za a riƙa sabuntawa a 120Hz. Idan tsawon kowane hoto ya canja, hasken toka mai duhu ma yana ɗan canjawa. In adadin yana tsalle daga 110 zuwa 60 ya koma, ido sai ya ga duhun yana numfashi. An fi ganinsa a shafin jiran lodi da cikin kogo ko dare. Fuskokin LCD nau'in VA su ma suna yi. Ba lalacewa ba ce, kuma canja waya ba zai warkar da ita ba. LG ya saka "Fine Tune Dark Areas" wanda ke rage ta kaɗan. Abin da ya fi aiki shi ne a zaɓi yanayin da adadin hotunansa ya fi tsayuwa wuri ɗaya, ko a kashe VRR a wasan da ya fi damunka. Wasan da ke riƙe da 60 ba ya motsi babu asarar komai in an kashe.

Ɗaukewar hoto kuwa sau da yawa waya ce. 4K a 120Hz yana buƙatar waya mai rubutun "Ultra High Speed", mai ɗaukar 48Gbps. Tsohuwa mai 18Gbps takan nuna hoto, ta riƙa yankewa in kaya ya yi nauyi. PS5 da Series X suna zuwa da wayar da ta dace a kwali, ita ya kamata ka yi amfani da ita. In dole ka saya, ka nemi mai tambarin shaida da lambar QR a jikin leda, kuma kar ta wuce mita 2 ko 3. Idan ka bi da na'urar ta cikin sandar sauti, wato soundbar, ko amfilifaya, cire ta daga nan. Da yawansu ba sa wuce da VRR. Ka soka na'urar kai tsaye a talabijin, ka mayar da sauti zuwa gare su ta kafar talabijin mai rubutun eARC.

Tambaya: Zan sayi talabijin na hannu saboda gem. Mai shago ya ce mai 120Hz ne. Ta yaya zan tabbatar? Daga Jos.

Amsa: Ka tafi da na'urarka da wayarta shagon. Lambobi irin su "Motion Rate 120" ko "TruMotion 120" na talla ne, sau tari fuskar 60Hz ce a ƙarƙashi. Idan Xbox ce, ka shiga "TV & display options" ka buɗe "4K TV details", za ta jera maka abin da talabijin ke karɓa da wanda ba ya karɓa, sannan a "Video modes" ka ga ko "Allow variable refresh rate" yana dannuwa. A PS5 "Video Output Information" ne zai nuna maka iyakar VRR ɗin. Ka gwada kowace kafa, domin a kayan hannu akan samu wadda ta ƙone. Ka kuma lura ko baƙin hoto ya koma toka-toka bayan kunna VRR, saboda wasu talabijin suna kashe sarrafa hasken baya yanki-yanki idan yana aiki. In kuwa Nintendo Switch 2 ce da ta fito a Yunin 2025, VRR ɗinta a ƙaramar fuskarta kawai yake aiki, ba ya fita zuwa talabijin, don haka kar ka ƙara ko kwabo saboda shi.