Tambayi Likita: Taba, Maganin Feshi da Goro a Bakin Jijiya

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni direba ne a Jega, na daɗe ina shan taba. In na yini ban sha ba, sai ciwon kai da saurin fushi. Me ke riƙe ni haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Nikotin ne, kuma a ƙwaƙwalwa yake aikinsa. Jijiyoyi na aika wa juna saƙo da wani sinadari mai suna asetilkolin. A jikin jijiyar da ke karɓar saƙon akwai furotin da ake kira makarɓi, mai ɗan aljihu, wanda zobban kabon na tiriftofan da tairosin (ƙananan tubalan da ake gina furotin da su) suka kewaye. Fuskar waɗannan zobba cike take da ilektiron masu cajin negatif, shi kuwa asetilkolin cajin fozitif gare shi, sai su ja juna. Ba haɗewa suke yi ba: ya zauna, ƙofar saƙo ta buɗe, ya tashi. Nikotin ma caji gare shi, wannan aljihun yake faɗawa, daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan ka zuƙa. A 2009 Dennis Dougherty da abokan aikinsa na Caltech a Amurka sun nuna cewa wannan jan yana da ƙarfi a makarɓan ƙwaƙwalwa, amma a na tsoka kusan babu shi. Shi ya sa taba ke kama rai ba tare da ta ƙandare jiki ba.

Da daɗewar sha, makarɓan sai su ƙaru, in suka rasa nikotin ka ji a jikinka. Wahalar ta fi tsanani a makon farko, tana sauƙi cikin mako 2 zuwa 4. Mai shan fiye da kara 10 a rana akan fara masa da filastar nikotin ta miligiram 21 na mako 6, sai 14 na mako 2, sai 7 na mako 2. Sabuwa kowace safiya, a sauya wurin liƙawa. In kana da ciwon zuciya, likita ya duba ka tukuna.

Tambaya: Likita, muna noman shinkafa a fadamar Argungu. Wani yaro ya yi feshi babu takunkumi, ya faɗi yana dalalar da miyau, aka ɗura masa manja. Daidai ne?

Amsa: Ba daidai ba ne, Alhaji, kuma ina roƙonka ka isar wa sauran manoma. Manja ko madara ba sa karya wannan guba. Wanda hankalinsa ya gushe, in aka ɗura masa abu ko aka sa shi amai, huhunsa yake gangarawa.

Bayan asetilkolin ya isar da saƙo, akwai enzayim, wato wani furotin, da ke farfasa shi nan take. Wurin aikinta yana ƙarshen wani siririn rami da zobban kabon 14 suka jeru a bangonsa, su ke jan asetilkolin har ƙasa. A 1991 aka fara ganin wannan siffa. Magungunan ƙwari dangin oganofosfet, irin su fiya-fiya da kulofirifos, in suka isa ƙasan ramin ba riƙon wucin gadi suke yi ba, mannewa suke kamar an yi walda. Enzayim ta tsaya, asetilkolin ya taru. Daga nan sai miyau, gumi, hawaye, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da ruwa. Tsayawar numfashi ce ke kashe mutum.

A gona, a cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke fata da ruwa da sabulu, mai wankin ya sa safar roba ko leda a hannu. A kwantar da shi a gefen hagu, a tafi asibiti da robar maganin. Can za a ba shi iskar oksijin da allurar atirofin ta jijiya, miligiram 1 zuwa 3 ga babba, ana ninkawa duk minti 5 har ƙirji ya bushe, bugun zuciya ya haura 80. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba da kaɗan a tsaya. Akwai kuma firalidokzim, wanda cajinsa ke sa zobban nan su ja shi cikin ramin ya ɓamɓare gubar, amma sai an ba shi da wuri. Ko yaron ya farfaɗo kada a yi gaggawar komawa gida, don raunin wuya da na numfashi kan bayyana kwana 1 zuwa 4 bayan haka.

Tambaya: Likita, daga Birnin Kebbi nake. Maigidana ya bar taba, yanzu goro na hana shi barci, da can kuwa ba haka ba.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa ƙarfin hali. Sinadarin kafin (caffeine) da ke cikin goro na toshe makarɓin adenosin, sinadarin da ke kawo jin barci; zobensa na kwanciya a kan zoben fenilalanin, wani tubalin furotin da ke wurin. Hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin kawar da kafin, to da ya bari sai goron ya riƙa daɗewa a jini. Ya rage goro da shayi zuwa rabin abin da ya saba, kuma daga azahar ya dakata.