Amsa ga mai tambaya kan aikin hannu da ƙananan yara

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce yaranki biyu ne, ɗan shekara 2 da 'yar shekara 4, kina son ki riƙa zama da su kuna ƙere-ƙere da zane, amma zaman farko ya ƙare da kuka, abin da kuka gina da kwaɓin fulawa kuma ya tsattsage ya yi fumfuna. Duka biyun suna da magani.

Bari in fara da kwaɓin. Iri biyu ne, kuma sau da yawa rashin bambanta su ke kawo matsala. Akwai na wasa, wanda ake murzawa a mayar cikin roba, akwai kuma na busarwa a ajiye.

Na wasan dafa shi ake yi. Ki zuba fulawa kofi 1, gishiri rabin kofi, ruwa kofi 1, man girki babban cokali 1 da ruwan lemon tsami babban cokali 1 a tukunya. Kalar abinci a cikin ruwan za ki ɗiga ta tun kafin ki haɗa, in ba haka ba sai ta fito dabbare-dabbare. Ki ɗora a wuta kaɗan kina tuƙawa, cikin minti 3 zuwa 5 za ki ga ya dunƙule ya saki jikin tukunya. Ki sauke, ya huce, ki murza. Idan yana manne wa hannu, bai dahu ba, ki mayar minti ɗaya. A roba mai murfi yana yin makonni.

Na busarwa ba ya son mai, ba a kuma dafa shi: fulawa kofi 2, gishiri mai laushi kofi 1, ruwa kusan kofi 1, amma kada ki juye shi gaba ɗaya, ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Ki murza kamar minti 10 har ya yi sumul. Nan ne mutane ke gajiya da wuri, kuma rashin murzawar na cikin abin da ke sa tsagewa. Sauran dalilan su ne kauri da zafi. Ki baza shi kamar rabin santimita, yaro ya danna tafinsa ko ya yanka siffa da bakin kofi. In za a rataye, a huda tun yana ɗanye. A tanda, digiri 100 na ma'aunin Celsius ya isa, awa 2 zuwa 3, ana juyawa. Zafi ya wuce haka sai saman ya bushe, cikin ya kumbura ya fashe. Haka ma fulawar da aka haɗa da sinadarin tashi, ki guje ta. In babu tanda, ki shanya a inda iska ke ratsawa kwana 3 ko fiye, kullum a juya. Fumfunar da kika gani, ko dai an rage gishiri, ko an shafa fenti alhali cikin bai bushe ba, danshin ya rasa hanyar fita. Ki ƙwanƙwasa bayansa da farce, in ya yi ƙara kamar kasko ya bushe, in ya lotsa a ƙara masa lokaci.

Ki kula da ƙaramin, gishirin da ke cikin kwaɓin nan ya yi wa cikinsa yawa. Lasa ɗaya yakan sa ya tofar, amma kada ki bar shi shi kaɗai da shi. Duk abin da zai iya wucewa ta cikin kwalin tsakiyar takardar banɗaki, kamar maɓalli, duwatsun ado da murfin biro, ba na ɗan ƙasa da shekara 3 ba ne, yana iya maƙale masa a maƙoshi. Maganaɗisu, ƙaramin batir da fasasshiyar balan-balan kuwa kada su zo wurin sam.

Yanzu maganar kukan, wadda ta fi damuna. Galibi ba yaro ne ya kasa ba, babba ne ya zo da hoton abin da yake so a kansa. Uwa ta ce za a yi kifi, yarinya ta liƙa ido a wutsiya, uwa ta cire ta gyara. A ganin uwa taimako ne, ita kuwa yarinya an ƙwace mata aiki. Naki shi ne shiri: shimfiɗa leda ko tsohuwar jarida, sa musu tsofaffin riguna, ajiye jiƙaƙƙen tsumma kusa. Daga nan ki ɗauki taki takardar ki zauna gefe kina naki. In ta nuna miki, maimakon "Mene ne wannan?" ki ce "Ba ni labarinsa." Za ki sha mamakin abin da ke cikin layuka uku.

Kuma kada ki ba su aiki iri ɗaya. Ɗan shekara 2 gwanintarsa yagar takarda, dannawa da zirga-zirgar layi, minti 5 zuwa 10 ya tashi, kuma hakan daidai ne. 'Yar shekara 4 tana iya zana da'ira da mutum mai kai da ƙafafu, ta bi miƙaƙƙen layi da almakashi marar tsini, ta zauna kusan minti 20. Ki fara mata da siririn kwali, ya fi takarda tsayuwa a bakin almakashi. In bahaguwa ce ki nemo almakashin bahagwai, don na dama lanƙwasa mata takarda zai riƙa yi.

Fenti kuma kala biyu kawai a zama ɗaya. Shuɗi da rawaya su ba da kore, ja da rawaya su ba da ruwan lemo. Da kin ba su uku, komai zai koma ruwan ƙasa, sai ki ji an ce zanen ya ɓaci. Gam ma ki ɗiga kaɗan a murfin kwalba su riƙa ɗiba da yatsa, in kika miƙa musu robar za su matse ta tas, takarda ta jiƙe ta yage.

Kafin a tashi ki sanar da su saura kaɗan, a wanke buroshi tare, sannan ki rubuta suna da kwanan wata a bayan kowane aiki.