Amsa kan asalin sunan Leroy da sauran sunayen dangi na Faransa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko duk mai suna Leroy jinin sarauta ne, tunda ma'anarsa "sarki". A'a, laƙabi ne. Akan liƙa wa mutum shi don ya ci gasar harbin baka ta gari, ko don yana yi wa sarki hidima, ko don ɗagawarsa ta yi yawa.

Tun wajen ƙarni na 12 jama'a suka ƙaru a Faransa, sunayen yanka kuwa 'yan kaɗan ne. Ƙauye ɗaya sai ka iske Jean da Guillaume rututu, dole a bambanta su, kamar yadda mu ma muke cewa Audu Dogo ko Musa Maƙeri. Wanda gidansa ke bakin gada ya zama Dupont, na gefen daji Dubois, mai jan gashi Leroux, gajere kuma Petit. A hankali 'ya'ya suka gaje su.

Na maƙera ne ya fi burge ni. Daga kalmar Latin ɗaya, faber, wato maƙeri, arewacin ƙasar ya sami Lefebvre da Lefèvre, kudu kuma Fabre da Faure, kowane yanki da irin lafazinsa. Kana jin sunan za ka iya hasashen daga inda kakannin mutum suka fito.

Rubutu ne ya kafe su. A 1539 Sarki François na ɗaya ya umarci limaman coci su riƙa rubuta duk jaririn da aka yi wa baftisma, a 1794 kuma doka ta hana kowa amfani da sunan da ba ya cikin takardar haihuwarsa.