Amsa: Yankin da noma ke ciyar da masana'antu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko akwai wani yanki a Afirka da noma da masana'antu suka tafi tare har jama'a suka ji daɗi. Ni a ganina duba bakin kogin Nilu a Masar, daga Alƙahira zuwa Iskandariya.

Ruwan sama ba shi da yawa can, noman rani ne kusan duka. Tun da aka gama madatsar Aswan a 1970 ruwa ba ya yankewa, manomi yana girbi sau biyu ko uku a shekara: alkama da sanyi, shinkafa da masara da auduga da zafi. Amma abin da ya fi burge ni shi ne audugar ba ta fita ɗanya duka. A garin Mahalla akwai babbar masaƙa da Bankin Misr ya kafa a 1927, ana kaɗi, ana saƙa, dubban mutane suna cin abinci a nan.

Mu ma nan Zariya mun taɓa ɗanɗana irin wannan. Ana gurzar auduga a garin nan, jirgin ƙasa yana ɗauka, masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 tana saye. Cibiyar binciken noma ta Samaru har yau tana fitar da irin auduga. Da masaƙu suka rufe, manoman Giwa da Soba suka koma masara da waken suya, don babu wanda zai noma abin da ba mai saye.