Yadda adireshin ƙwaƙwalwa ke komawa sunan fankshin da lambar layi

Ka ce manhajarka ta tsaya cak a hannun mai amfani da ita, abin da ya turo maka kuma jerin lambobi ne irin 0x55d0c8a011a9, wato adiresoshin ƙwaƙwalwar kwamfuta na fankshin-fankshin da suka kira juna har shirin ya faɗi. Ka ba addr2line, manhajar da ke mayar da adireshi zuwa sunan fayil da lambar layi, ɗaya daga ciki, ta amsa maka da ??:0, shi ne kake tambaya ko kayan aikin ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau, ƙanena. Matsalar tana ga abin da ka ba shi.

Fara da sanin cewa injin kwamfuta bai san sunan da ka raɗa wa fankshin ɗinka ba, adireshi kawai ya sani. Kompaila, manhajar da ke fassara abin da ka rubuta zuwa umarnin inji, ita ce ke barin bayanin da ke haɗa su, kuma iri biyu ne. Akwai teburin alamomi, wanda ke cewa fankshin kaza ya fara daga nan, girmansa kaza. Da shi za ka samu suna kaɗai. Sai bayanin gyaran kuskure, wanda ake samu idan ka ba kompaila zaɓin -g lokacin haɗa shirin. A Linux tsarinsa DWARF ne, an fitar da sigarsa ta 5 a 2017, kuma sashen .debug_line ne ke nuna fayil da layin da kowane umarni ya fito. Windows na ajiye nata a fayil ɗin PDB, Apple kuma a dSYM. Idan an bi ta kan fayil da strip, manhajar da ke cire irin wannan bayani don rage girman fayil, wannan bayanin ya tafi.

Amma tun daga ganin lambarka na san inda gizo ke saƙar. Adireshin da ya fara da 0x55 alama ce ta shirin da aka haɗa a matsayin PIE, wato shirin da zai iya aiki a ko'ina cikin ƙwaƙwalwa, wanda tsarin ke ɗora shi a wuri daban duk lokacin da aka kunna shi, don a wahalar da masu kutse. Wannan sauya wurin shi ake kira ASLR. Ita kuwa addr2line fayil ɗin da ke kan faifai take karantawa, ba ta san inda aka ɗora shi ranar ba. Sai ka cire tushen, wato adireshin da aka ɗora shirin a kai, da kanka. Idan an ɗora shirin a 0x55d0c8a00000, abin da ya rage 0x11a9 ne, shi za ka ba ta:

addr2line -e shirinka -f -C -i 0x11a9

Tushen yana cikin /proc/<lambar shirin>/maps, amma muddin shirin na raye ne kawai. Saboda haka ka sa rahoton faɗuwa ya riƙa kwafe shi tare da adireshin. Kowace laburare da aka ɗora tana da nata tushen, kar ka cire na shirinka daga adireshin da ke cikin libc, wato laburaren C.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan. Dole fayil ɗin da kake tambaya ya zama ainihin wanda ya faɗi, ba wanda ka sake haɗawa yau ba. Ƙara layi ɗaya, ko sauya sigar kompaila, na iya gusar da adireshin komai. Haɗarin kuma shi ne ba za ka ga ??:0 ba, za ta ba ka suna da layi masu kama da gaskiya, ka wuni kana neman kuskure a inda babu shi. Maganinsa Build ID, lambar shaidar da ake sakawa a fayil lokacin haɗawa. Duba ta da readelf -n, ka gwada da ta cikin rahoton. Kuma duk sigar da za ka saki, ka ware bayaninta da objcopy --only-keep-debug ka adana, kafin ka yi strip.

Waɗancan haruffa na cikin umarnin addr2line kuwa, -f suna yake kawowa, -C kuma yana warware sunayen C++ da kompaila ta cukurkuɗa, ya mayar da _ZN3foo3barEv ya zama foo::bar(). Kar ka bar -i idan an haɗa shirin da -O2, zaɓin da ke sa kompaila ta ƙara wa shirin sauri, domin kompaila kan zuba ƙaramin fankshin cikin wanda ya kira shi, adireshi ɗaya ya zama na fankshin biyu ko uku a jere.

Saura abu guda. A jerin kiraye-kirayen, wato jerin adiresoshin da aka turo maka, na farko ne kaɗai inda shirin ya tsaya. Sauran adireshin komawa ne, wato umarnin da ke bin bayan kiran, shi ya sa wani lokaci za ka ga an nuna maka layin gaba. Rage 1 daga kowannensu kafin ka tambaya, sai ka faɗo cikin umarnin kiran kansa.

Je ka nemo tushen da Build ID na wancan rahoton, ka zo da su mu bi jerin tare.