Amsa: Ga aikin ofis, ga tunanin gida

'Yar'uwa, kin ce ba girki da wanki ne ke gajiyar da ke ba, a'a, ke kaɗai ke tuna komai: gas ya kusa ƙarewa, kuɗin makaranta, ranar rigakafin jariri. Wallahi na fahimce ki.

Ki daina neman taimako guntu-guntu, ki miƙa abu ɗungurungum. Ki zauna da maigida cikin lalama, cefane da kuɗin wuta su koma hannunsa, har da tunawar. In ya manta tumatir, a sha miyar kuka ranar, ban da gori. Yaran da suka tasa su riƙa haɗa jakar Islamiyyarsu tun dare. Ranar Asabar ki markaɗa kayan miyan mako, ki soya sosai, kin san halin wutarmu.