Zuciya Ta Yi Rauni: Ko Ƙwayar Kalsiyam Za Ta Ƙara Mata Ƙarfi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya daɗe yana fama da hawan jini, bana kuma ƙafafunsa suka kumbura, ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai, ko masallaci ya je ya dawo sai ya zauna yana haki. An ɗauki hoton zuciyarsa, aka ce ta buɗe kuma ta yi rauni. Wani ɗalibin likitanci ya faɗa mini cewa sinadarin kalsiyam ne ke sa zuciya ta matse. Shin in sayo masa ƙwayar kalsiyam a kemis? Kuma me ya sa yake yawan cewa zuciyarsa tana tsallake bugu? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Ɗalibin ya faɗi gaskiya, amma kada ki sayi ƙwayar, domin kalsiyam ɗin jinin yawancin masu wannan ciwo bai ragu ba. Abin da ya lalace shi ne yadda ƙwayoyin tsokar zuciya, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da suka haɗu suka yi tsokar, ke juya shi a cikinsu.

Tun 1883 wani likita a Landan, Sydney Ringer, ya nuna cewa zuciyar kwaɗo ba ta ci gaba da bugawa a ruwan gishiri sai in akwai kalsiyam a ciki. Kowane bugu yana farawa ne da ɗan lantarki da ke tasowa daga wani gungun ƙwayoyi a saman zuciya ta gefen dama, ya bazu cikin tsokar. Idan ya iso ga ƙwayar tsoka, sai sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, ya kwarara ciki, sannan wasu ƙofofi su buɗe kalsiyam kaɗan ya shiga daga waje. Wannan kaɗan ɗin bai isa ya matse tsoka ba; aikinsa shi ne ya buɗe wata ma'ajiya da ke cikin ƙwayar, mai kama da rumbu, wadda ke sakin kalsiyam mai yawa a lokaci guda, har yawansa a cikin ƙwayar ya ninka kusan sau 10. Shi ne ke kama zaren tsoka su ja juna, jini ya fita. Kafin bugu na gaba kuwa dole a kwashe shi, in ba haka ba zuciya ba za ta saki ta cika da jini ba. A jikin ɗan Adam, wani famfo da masana ke kira SERCA ne ke mayar da kusan kashi 70 cikin 100 cikin rumbun, mafi yawan ragowar kuma a fitar da shi waje ta wata ƙofa da ke musayar kalsiyam ɗaya da sodiyam uku.

A zuciyar da ta gaza, famfon ya yi sanyi, ƙofar rumbun kuma tana yoyo tsakanin bugu da bugu, ga ƙofar musayar ta ƙara himma wajen fitar da kalsiyam waje. Saboda haka rumbun ba ya cika, abin da yake saki ba ya isa, matsewar ta yi rauni, sakin ma ya yi nawa. Ƙwayar da za ki sayo ba za ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, tunda kalsiyam ɗin da ke wajen ƙwayar tsoka ya riga ya ninka na cikinta kusan sau 10,000.

Tsallaken bugun da Baba ke ji yana da alaƙa da wannan yoyon. Duk lokacin da ƙofar musayar ta fitar da kalsiyam ɗin da ya zubo ba a kan kari ba, sodiyam ɗin da ke shigowa a madadinsa yana haifar da ɗan lantarki, wanda idan ya yi ƙarfi zai tayar da bugu kafin lokacinsa, sai ɗan shiru ya biyo baya, shi ne mutum ke ji kamar zuciya ta tsaya. Ƙari a kan haka, ƙofofin wani sinadari mai suna potasiyam da ke kashe lantarkin bayan kowane bugu suna raguwa a wannan ciwo, sai lantarkin ya daɗe fiye da kima. Bugu ɗaya ko biyu na ba-zata ba abin tashin hankali ba ne, amma idan suka jeru da sauri suna iya sumar da mutum, har ma su zama ajalinsa farat ɗaya.

A nan ne nake so ki sa ido a kan magungunansa. Idan an ba shi maganin zuciya mai suna digoxin, shi kansa yana aiki ne ta hanyar tara kalsiyam a cikin ƙwayar tsoka, don haka haɗa shi da ƙarin kalsiyam ba tare da sanin likita ba ganganci ne. Maganin fitsari irin su Lasix yana zubar da potasiyam, ƙarancin potasiyam kuwa yana sa digoxin ya zama guba, shi ya sa ake yawan tura marasa lafiya gwajin jini, wanda da yawa ke ɗauka cin kuɗi ne kawai. Magunguna irin su carvedilol da bisoprolol, da ake farawa da kaɗan ana ƙarawa a hankali, suna rage tunzurin da jiki ke yi wa zuciya, kuma bincike ya tabbatar suna rage mutuwar farat ɗaya. Kada ya daina sha don ya ji sauƙi. Verapamil da diltiazem kuwa, masu toshe ƙofar kalsiyam, ba su dace da zuciya mai rauni irin tasa ba.

Ku rage masa gishiri, dunƙulen ɗanɗano da kanwa, ku kuma gaya wa likitansa zancen tsallaken bugun domin a yi masa awon lantarkin zuciya da ake kira ECG. Idan ya suma, ko jiri ya kwashe shi tare da bugun zuciya da sauri, ko ya fara amai yana ganin abubuwa rawaya-rawaya alhali yana shan digoxin, ku kai shi asibiti nan take, kada ku jira ranar da aka rubuta masa a kati.